Hakimi a Ajin Ƙanana, Mai Wurno

Ranar Lahadi Baba Inuwa ya kawo shi
cikin kwalin sabulu da aka huhhuda da ƙusa.
Yara goma sha tara suka yi tsit,
tsit ɗin da na shekara ina roƙo ban samu ba.

Tijjani ya ce, "Arnab!"
Balaraba ta ce, "Kakata zomo take cewa."
Gardama ta kaure a gindin darbejiya,
na ce duka biyun sunansa ne,
kamar ku, masu harshe biyu a baki ɗaya.
Suka raɗa masa Hakimi,
wai don yana cin abinci ba ya amsa gaisuwa.

Mun auna kunnensa da zare,
muka ɗora zaren a kunnen Ja'afaru,
aji ya kwashe da dariya, har mai kunnen.
Mun ɗebo yumɓu a bakin Nilu,
kowa ya gina nasa:
na Uwani mai ƙafa shida,
na Tijjani ya fi kama da jaki,
na Gambo kunnuwa ne zalla,
ya ce sauran jikin yana cikin rami.

Mun shuka barsim a gwangwanin madara,
kullum sai an tono a ga ko ya tsiro.
Mun yayyafa ruwa a yashi, ya bi ta kai,
muka tsuguna karatun sawu:
manyan a gaba, ƙananan a baya,
Balaraba ta rantse da baya yake tafiya.
Da azahar suka kwanta a tabarma
suna koyon barcin zomo, ido buɗe.
Ba a yi minti biyar ba, minshari ya tashi.

Ramlatu kaɗai ba ta gina komai ba.
A bayan babbar mota suka iso daga Khartum,
ita da uwarta da katifa ɗaya,
tun daga nan ba wanda ya ji muryarta.
Takan tsaya jikin randa, yatsa a baki.
Jirgi ya wuce, sai ta shige ƙarƙashin benci.

Sai Hakimi ya canza hali.
Yana tsige gashin ƙirjinsa,
yana jidar ciyawa a baki kamar gashin baki,
yana tona gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi.
Uwani ta yi kuka, ta ce ciwo ne.
Gambo ya kawo masa guntun kisira a aljihu.
Ni kaina, da takardar shaidata a bango,
ban gane ba.

Ya toshe bakin ramin da ƙasa, ya koma kiwo.
Yara suka manta, suka koma kan lilo.
Ramlatu ce ba ta manta ba:
kowace safiya takan kwanta rub da ciki,
kunne a ƙasa, riga duk laka,
uwarta na yi mini ƙorafin wanki.

Mako na uku, ina rabon ruwa a moɗa,
na ji wata murya da ban sani ba,
siririya, mai tsatsa kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba:

"Biyar."

Na waiga.
Ga su nan a bakin rami, kamar dunƙulen auduga,
hanci na rawa, suna ƙyafta wa rana ido.
Ja'afaru ya dafe kai: "Malama, Hakimi mace ce!"

Ramlatu ba ta dube mu ba.
Ta ce, "Ta rufe su ne don kada a ji su."
Sannan ta miƙa mini hannu:
"Akwai sauran yumɓu?"

Akwai, amma ya bushe.
Na aiki Tijjani ya ɗebo ruwa.